Maniru a Hanyar Abzin

Akwai wani dattijon malami a Rawayau, cikin ƙasar Kurfi, ana ce masa Malam Abdulƙadir. Lokacin da wannan abu ya faru, Turawa ba su fi shekara bakwai da shigowa Katsina ba. Malam ya tsufa, yanar ido ta fara rufe masa gani, har ta kai ɗansa Maniru ne ke ba manyan ɗalibai karatu a zaure.

Maniru ya yi karatu, wannan ba mai musu. Bai cika shekara talatin ba, amma daga Tamawa har Dutsin-Ma ana zuwa masa da tambayar gado da ta aure. Aibinsa ɗaya ne: ya san ya sani. In mutum ya yi kuskure a gabansa, a nan take zai gyara masa, cikin mutane, da murya sama, ko da mutumin ya haife shi.

Wata rana bayan la'asar Malam ya sallami kowa, ya ce Maniru ya tsaya.

"Gwaggonninka nawa ka sani?"

"Biyu, Baba. Gwaggo Luba da Gwaggo Azumi, Allah Ya jiƙansu."

"Akwai ta uku. Yahanasu. Ita ce autarmu."

Maniru ya ɗago kai. Bai taɓa jin sunan a gidan ba.

Malam ya ba shi labari a hankali. Shekara talatin da suka wuce, akwai wani Ba'abzine mai fataucin gishiri da ke sauka a zauren mahaifinsu duk rani. Ya ga Yahanasu ya nemi aurenta. Ita tana so, mahaifinsu ya yarda. Malam kaɗai ya ce bai yarda ba.

"Lokacin na dawo daga karatu ke nan, kaina ya cika. Na ce mutanen hamada ne, ba ilimi ba addini, mazansu a lulluɓe, matansu a buɗe. A gabanta na faɗa, a gaban mijin. Bayan Baba ya rasu, duk shekara mijinta kan aiko mini da kantun gishiri da dabino ta hannun ayari. Ni kuma in mayar, ko kwancewa ban yi. Shekara bakwai ana haka, sannan saƙo ya ɗauke."

Ya shafa gemu.

"Ban san ko tana da rai ba. Ni kuwa ka ga yadda na koma. Ba na so in tsaya gaban Allah da haƙƙinta a wuyana. Yanzu an ce hanya ta yi sauƙi, mahara sun ragu. Ka je ka nemo ta, ka ce mata yayanta na neman gafara."

Maniru ya ce to, don ba ya musu da mahaifinsa. Amma a ransa yana ganin maganar da Malam ya yi tun farko ita ce daidai, tsufa ne kawai ya sanyaya shi.

Wanda aka haɗa shi da shi wani tsohon falke ne na Dutsin-Ma, sunansa Lado. Sau huɗu ya taka har Agadas da ƙafarsa. Karatunsa bai wuce na sallah ba. Yana da wani baƙin jaki da yake kira Duna, shekara tara suna yawo tare, yana masa magana kamar mutum.

A gindin dutsen garin suka iske ayarin Abzinawa. Sun gama musayar gishiri da gero, suna ɗaure kaya za su koma gida kafin ruwa ya sauka. Madugunsu wani dogo ne siriri mai suna Agali. Ya rufe fuska da baƙin rawani, idanunsa kaɗai ake gani. Hausa a bakinsa kamar a Katsina aka haife shi.

Lado ya faɗa masa buƙatarsu. Madugu ya yi ɗan tunani, ya ce, "Bahausa 'yar Kurfi? Na san ta. Mijinta ya rasu, amma ita tana nan da 'ya'yanta, a wani kwari bayan Agadas. Zan kai ku."

Suka tashi da asuba, suka bi ta Kurfi, suka kwana bayan ganuwar Katsina, suka miƙa arewa. A rana ta biyar suka wuce wani turke da aka kafa a tsakiyar daji, ba gida ba gona kusa da shi.

Lado ya nuna da sanda. "Ka ga wanga? Nasara suka dasa shi. Wai nan Ingilishi, can Faransa."

Madugu ya ce, "An faɗa wa mutane. Raƙuma dai ba a faɗa masu ba."

Aka yi dariya, ban da Maniru. Shi tun da aka taso ba abin da ya gani ya yi masa daɗi.

In an zauna cin abinci, Abzinawa ba sa sauke rawani. Cokalin itace suke turawa ta ƙarƙashin amawali, gefen rawanin da ke rufe baki. Abincin ma gumba ce aka kirɓa da dabino da cuku, a dama da ruwa, safe da rana. In sun haɗu da wani a hanya, gaisuwa sai ta ci lokacin da za a iya karanta shafi guda, suna shafa tafin hannun juna suna janyewa. In sun shayar da raƙuma a rijiya, ba sa tashi sai sun sake cika kwamin da dabbobi ke sha a ciki, sun bar shi cike, alhali ba kowa a wurin.

"Wa suke bar wa?" in ji Maniru.

"Wanda ke tahe baya," in ji Lado. "Ko mutum ko dabba. Wani kan iso ba shi da ƙarhin jan guga."

"Wahalar banza."

Amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne alwala. Tun da suka wuce ƙasar Damargu, itatuwa suka fara nisa da juna, ƙasa ta koma tsakuwa da rairayi, sai ya ga Abzinawa sun daina taɓa ruwa in lokacin sallah ya yi. Kowa sai ya buga tafinsa a ƙasa ya yi taimama, ga salkuna cike rataye a jikin raƙuma.

Maniru ya tsaya a gabansu ya ce, "Ga ruwa a gabanku kuna taimama? Wace irin sallah ce wannan? Ashe abin da ake faɗa a kanku gaskiya ne."

 Madugu ya ƙara jan rawaninsa sama har ya kusa rufe ido, ya juya. Maniru ya ɗauka ya ci su da hujja.

Lado ya ja shi gefe. "Malam Maniru, in Buzu ya ja rawani haka, ba tsoro ba ne. Kunya yake ji maka."

"Baba Lado, kai hanya ka sani. Addini kuwa bar mini."

"To. Amma salkarka ka riƙa lallaɓa ta. Rijiyoyin gaba ba irin na gida ba ne."

Maniru bai ji ba. Kullum sau biyar yana cika butarsa daga salka, ya yi alwala a tsanake inda kowa zai gani. Ranar Juma'a har wanka ya yi a bayan wani dutse, ya ɗauraye hularsa.

Kwana huɗu suka yi daga rijiya ta ƙarshe. Da hantsin rana ta biyar suka iso wadda madugu ke sa rai, suka tarar bakinta ya rufta. Maza shida suka shiga tono da hannu da ƙorai har azahar. Abin da suka tarar a ƙasa danshi ne kawai.

Madugu ya fito yana kakkaɓe riga, ya ce, "Ta gaba kwana biyu ce da rabi. Kowa ya duba abin da ke gare shi."

Kowa ya taɓa salkarsa. Ta kowa da saura, wani rabi, wani ƙasa da haka. Ta Maniru ta lanƙwashe kamar tsohon takalmi. Ya girgiza ta, bai ji komai ba.

Ya tsaya yana jiran a ce masa wani abu. Ba wanda ya dube shi ma. Madugu ya sa aka tara salkunan wuri ɗaya, ya fito da wata 'yar ludayi ta itace. Daga wannan lokaci ruwan ya zama na kowa, ludayi ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da yamma. Da aka fara rabo, Maniru aka fara miƙa wa.

Ya ja baya. "Ni ba ni da ko ɗigo a ciki."

"Baƙo ke fara sha," in ji madugu. "Haka muka tarar."

Ya sha. Ruwan ɗumi ne, yana warin fata, amma bai taɓa shan abin da ya kai shi daɗi ba.

Bazara ce, rana kamar ta sauko ta zauna a kan mutum. Abzinawa sun saba, suna tafe shiru, baki a rufe. Maniru kuwa ɗan zaure ne. Washegari da rana leɓunansa suka tsage, harshensa ya yi nauyi. Ya riƙa ganin kogin Karaɗuwa a gabansa, cike taf kamar yadda yake yi wajen Zobe a tsakiyar damina, yana miƙa hannu. Can sai ƙafafunsa suka ƙi. Ya zube.

Da ya farfaɗo, kansa na bisa cinyar Lado, an kafa masa inuwa da bargo, ana ɗiga masa ruwa a baki kaɗan-kaɗan. Aka ɗora shi a kan raƙumin madugu, madugu ya ja akala da ƙafa.

Sai daga baya ya san ruwan wa ya sha. Lado na da wata 'yar salka da ya keɓe wa jakinsa tun daga Damargu, madugu ma bai sa ta cikin rabo ba, don jaki ba raƙumi ba ne, ba ya jure kwanaki. Ita ya juye wa Maniru.

Da yammacin rana ta biyu Duna ya durƙusa. Lado ya sauke masa kaya, ya lallashe shi, ya ɗaga shi, ya sake faɗuwa. Ayari ya tsaya jim kaɗan, amma ba a iya jira. Tsohon ya tsuguna ya shafa wuyan jakin, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, sannan ya ɗauki akumarin ya ɗora a kansa ya bi sahu. Bai waiwaya ba.

Maniru na bisa raƙumi yana kallo. Ya so ya yi kuka, idonsa ba ruwan da zai zubar.

Allah Ya sa rijiya ta gaba na da ruwa. Da suka hango ta, raƙuma suka ƙara sauri da kansu. Kwamin da ke bakinta a cike yake, wani ayari da ba su taɓa gani ba ya bar shi haka. A nan waɗanda suka fi galabaita suka fara jiƙa maƙoshi kafin a kwance guga.

Suka yini biyu a wurin suna hutawa. Maniru ya je ya durƙusa gaban Lado.

"Baba Lado, ni na kashe maka jaki."

"Kwanansa ne ya ƙare, Malam. Tashi. Da kai na bari can, me zan ce ma tsohonka?"

Bayan la'asar madugu ya zo ya zauna kusa da shi, mutanensa suka kewaye. Ya ce, "Malam, an ce kai mai karatu ne. Mu namu kaɗan ne, daga bakin iyaye muka ji. Ka karanta mana babin taimama, mu ji ko muna yi daidai. In da gyara mu gyara."

Ba gatse a muryarsa. Da gaske yake tambaya.

Maniru ya haddace babin tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Ya fara jan Larabci yana fassarawa, kamar yadda ya saba a zaure. Har ya iso inda aka ce wanda ke da ruwa, amma yana tsoron ƙishirwa ga kansa, ko ga abokin tafiyarsa, ko ga dabbarsa, to ya bar ruwan ya yi taimama.

Ya tsaya cak.

Sau nawa ya karantar da wannan wuri? Ya fi a ƙirga. Yana zaune a kan buzu, ga randa cike a bakin zaure, kalmomin na wucewa ta bakinsa kawai.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Madugu, ba ku da gyara. Ku ke yin abin da ke cikin littafi. Ni karanta shi kawai na yi. Ku yafe mini abin da na faɗa."

Madugu ya ce, "Ba komai, Malam. Ƙarasa mana, muna jin daɗin karatun."

Da za su tashi daga rijiyar, Maniru ne ya karɓi igiya ya ja guga har kwami ya cika. Tafin hannunsa ya yi bororo. Daga ranar kuma ya koma tambaya. Me ya sa ake wannan? Yaya ake ce wa wancan? Ya koyi naɗa rawani irin nasu, ya gane ashe rufe baki na rage ƙishirwa, kuma a wurinsu alamar girmama na gaba ne.

Sun yi wata guda da 'yan kwanaki kafin su wuce Agadas su shiga cikin duwatsun Abzin. Wata safiya suka gangara wani kwari, sai ga kore. Itatuwan dabino, 'yan lambuna na alkama da albasa, bijimin sa yana jan guga daga rijiya, ruwa na bin ƙananan hanyoyi. Can gefe ga bukkoki na tabarmi kamar goma.

Madugu ya nuna. "Ta tsakiyar nan ita ce ta gwaggonka."

 Maniru ya ɗaga ƙafa zai nufi wurin, Lado ya ce, "Dakata. Nan ba a shiga ma mutane kai tsaye. Baƙo nesa yake sauka, ya jira a zo mashi. Ba su tambayarka abin da ya kawo ka sai ka kwana uku. Kai ma ba ka faɗa sai an tambaya."

"Kwana uku, Baba Lado? Ga ta can ina gani?"

"Awo."

Maniru na da, da tuni ya yi sallama a bakin bukka, yana kawo hujjar zumunci. Wannan karon sai ya ce, "Ina za mu sauka?"

Suka sauka a gindin wata aduwa. Madugu ya shiga zangon, ya jima, ya fito ya yi musu sallama ya wuce da ayarinsa. Ba a daɗe ba wani mutum ya taho, ƙaƙƙarfa, rawani har gindin ido. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya ajiye akushin nonon raƙumi da dabino. Ya gaishe su gaisuwa mai tsawo, amma ba fara'a a idonsa. Ya koma.

Haka aka yi da yamma, haka aka yi washegari. Shi ke kawo abinci da kansa, ya zauna kaɗan, ya tambayi hanya da lafiyar dabbobi, ya tashi.

A rana ta biyu da hantsi Maniru ya ji daka. Matan wurin duk suna daka, amma wannan daban take. Mai yin ta na jefa taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, irin luguden da matan Rawayau ke yi. Ya leƙa. Wata tsohuwa ce gajera, baƙa, cikin baƙin zane irin na Abzinawa. Ko daga nesa, tsayuwarta ta mahaifinsa ce.

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Lado ya kama gefen rigarsa. Maniru ya tsaya yana kallonta har ta kwashe garin ta shige. Sannan ya koma ya zauna, ya rufe fuska da rawani.

A rana ta uku mutumin ya zo ya zauna sosai, ya harɗe ƙafa.

"Baƙi, kun huta. Me ke tafe da ku?"

Maniru ya ja amawali ya rufe baki, ya dubi ƙasa. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu, ya faɗi saƙon yadda aka ba shi, bai rage ba, bai yi wa mahaifinsa kwaskwarima ba.



"Ni ne babban ɗanta," in ji mutumin. "Madugu ya gaya mini ko ku su wane ne tun ranar da kuka iso. Ban faɗa mata ba. Ina yaro nakan ga mahaifina ya ɗaure kaya da hannunsa ya ce a kai wa surukinsa, shekara ta zagayo a dawo da su yadda suke. Bai taɓa cewa komai ba, amma ina ganin fuskar uwata. Na ce a raina, in ɗan mutumin nan ya kutso mana zango kamar garken awaki ya tarar, zan ɗora shi a raƙumi in mayar da shi Agadas, ba zai gan ta ba. Na zuba maka ido kwana uku. Jiya na ga ka miƙe, na ga ka koma ka zauna."

Ya tashi tsaye. "Taso, ɗan'uwa. Bukkar tata ce, a nan mace ke da ɗaki. Bari in nema maka izini."

Tsohuwar na zaune tana saƙar tabarma. Maniru ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Salamu alaikum. Gwaggo, ina wuni?"

Kabar da ke hannunta ta faɗi. Shekara talatin ba wanda ya kira ta da wannan suna.

"Wane ne? Ɗan wa?"

"Ɗan Malam Abdulƙadir ne, na Rawayau."

Ta ce ya sauke rawani. Ta kama fuskarsa da hannu biyu tana juyawa, tana kuka ba sauti. Sannan ta shiga tambaya, Hausarta na fita a hankali kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Yaya Luba fa? Ta rasu. Yaya Azumi? Ta rasu. Huseina ƙawarta, ta gidan maƙera? Tana nan, ta yi jikoki. Kowane suna sai ta yi addu'a, ta kira na gaba. Na yayanta ta bari ƙarshe, shi ma ba ta kama sunan ba.

"Shi fa?"

"Yana nan, Gwaggo, sai dai ido. Shi ya aiko ni. Ya ce in ce maki yana neman gafara."

Ta share hawaye da bakin zane. "Ni tun ba mu wuce Kurfi ba na yafe mashi. Wanda zan aika ya faɗa mashi ne ban samu ba." Ta juya wajen ɗanta. "Mai-suna, a yanka akuya."

Maniru ya dubi mutumin. Tsohuwa ta ce, "Sunan babanka gare shi. Mijina ne ya zaɓa, ba ni ba."

Ba ayarin da zai gangara kudu sai bayan kaka, don haka Maniru da Lado suka yi damina a kwarin. Maniru ya koyi ban ruwa a lambu. 'Ya'yan gwaggonsa mata suka koya masa rubutunsu na gado, suna zana masa a rairayi da yatsa suna dariyar hannunsa. Ranar Juma'a yakan bi Mai-suna zuwa wani tsohon masallaci na dutse. Limamin wurin, wani tsoho mai raƙumi ɗaya tal, ya warware masa wata mas'alar gado da ta daɗe tana ba shi wuya. Maniru ya ɗauki littafi ya zauna gabansa wata uku.

Da lokacin tafiya ya yi, Mai-suna ya jawo wata farar raƙuma ya miƙa wa Lado akalarta. Ya ji labarin abin da ya faru a hanya daga bakin madugu. Lado ya ƙi, ya ƙi, har tsohuwa ta sa baki. Ita kuwa tuni ta ɗaure kayanta. 'Ya'yanta suka ce tafiyar ta yi mata nisa. Ta ce da ƙafarta ta zo, yanzu ma a kan raƙumi za a kai ta. Mai-suna ya shirya ya raka ta.

Sun iso Rawayau da hantsi, ana cikin sussukar gero. Malam Abdulƙadir na zaune a zaure, idon ya rufe gaba ɗaya. Wata tara ke nan kullum yana sa a zaunar da shi yana fuskantar ƙofa.

Maniru ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya lalubo kansa.

"Ka same ta? Tana da rai?"

"Ga ta nan a bakin ƙofa, Baba."

Malam ya gyara zama. Ya daɗe yana shirya abin da zai faɗa, ya tsara shi da ayoyi da addu'o'i. Ya buɗe baki ya fara, "Yahanasu, haƙiƙa ni na zalunce ki, kuma Allah Maɗaukaki Ya ce..."

Ta riga ta shigo ta zauna a gabansa. Ta kama hannunsa tana jujjuyawa.

"Yaya, ka rame. Wa ke yi maka tuwo a gidan nan?"

 Tsohon da ɗalibai ke tsoron tarinsa ya fashe da kuka kamar yaro, ita ma tana yi tana ce masa ya isa. Mai-suna ya ja rawaninsa sama ya fita waje. Maniru da Lado suka bi shi, suka janye ɗalibai daga ƙofa.

Da azahar ta yi, mutanen gidan suka ga baƙuwar tsohuwa ta ɗaura zane ta shiga madafa, ta karɓi muciya daga hannun matar Maniru. Ranar Malam ya cinye malmala biyu, har ya nemi ƙari.

Darasi: Kada ka raina al'adar mutane don ba irin ta gidanku ba ce, sau da yawa akwai dalilin da kai ba ka kai ga gani ba. Ilimin da ba tawali'u a cikinsa yakan cutar da mai shi, ya cutar da na kusa da shi. In ka je garin wasu, ka rage gyara, ka yawaita tambaya, ka yi haƙuri da tsarinsu. In kuma akwai ɗan'uwan da ka ɓata wa, neme shi tun kuna da rai ku biyun. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, wataƙila wani na jiran abin da zai sa ya ɗaga ƙafa.